KUSHIN: MA'ANARTA, ASALINTA DA YADDA HAUSAWA KE AMFANI DA ITA

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. A Bukuru aka haife ni, kudu da garin Jos, kuma harshen Berom na fara ji a bakin mahaifiyata. Hausa kuwa tsintar ta na yi a unguwa, da filin ƙwallo, da kasuwar Kugiya inda ake aike na sayen kayan miya. Da na shigo jami'a na zaɓi nazarin Hausa, ina ganin ai sauƙi na samu, tunda da ita nake ciniki, da ita nake faɗa, da ita nake shiryawa. Ban yi mako biyu a aji ba na gane akwai sauran aiki a gabana. Ba na bambanta k da ƙ, kuma "kujera na" nake cewa inda 'yan ajinmu na Kano da Katsina suke cewa "kujerata".

Abin da ya jawo wannan rubutu ya faru ne a darasin fassara. Malam ya ba mu wani ɗan labari na Ingilishi mu mayar da shi Hausa. A cikin labarin akwai wata tsohuwa da ta dawo daga tafiya a gajiye, ta kwanta a ƙasa, ta jawo abin da marubucin ya kira "cushion" ta tada kai da shi. Ni kuwa ban tsaya wani tunani ba, na rubuta cewa tsohuwa ta jawo kushin ta sa a ƙarƙashin kanta. Da aka ce in karanta, ban kai ƙarshen jimlar ba aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Lallai wannan tsohuwa ƙarfi gare ta!" Malam ya bari aka gama dariyar, sannan ya tambaye ni, a gidanmu mutum nawa ke ɗaukar kushin idan za a share falo. Na ce biyu. Ya ce, "To, ka ga abin da ka ɗora wa baiwar Allah."

Na rasa maki a wannan aiki, kuma na ji kunya ƙwarai, domin kuskuren ba na rashin sanin kalmar ba ne. Na san kushin tun ina yaro. Kuskurena shi ne na ɗauka duk kalmar da aka aro daga Ingilishi tana nan da ma'anarta ta Ingilishi. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, don haka na bi sawun wannan kalma, kuma abin da na samo shi nake son in raba da 'yan uwana ɗalibai: me take nufi, daga ina ta taso, kuma yaya ake amfani da ita.

Ma'anar Kalmar

A Hausar yau da kullum, kushin ita ce kujerar falo mai taushi, wadda aka yi wa ƙashi da katako, aka cusa mata soso, aka lulluɓe ta da yadi ko leda. Akan ce "kujerar kushin", akan kuma taƙaita a ce "kushin" kawai. Idan uwar gida ta ce wa yaro, "Sauka daga kan kushin ɗin nan da ƙafarka mai datti," babu wanda zai yi zaton matashi take nufi. Haka kuma idan aka ce an yi wa amarya kushin saiti biyu, kowa ya san kujeru ne cike da mota.

Akwai ma'ana ta biyu wadda ta fi kusa da ta asali, wato ɓangaren mai taushi na abin zama. A nan ne za ka ji direba yana cewa kushin ɗin motarsa ya yage, ko mai babur yana neman wanda zai sake masa kushin. A wannan amfani ma, abin da ake zama a kai ake nufi, wanda yake haɗe da jikin motar ko babur ɗin.

A Ingilishi kuwa, "cushion" ƙaramar jaka ce ta yadi da aka cusa wa abu mai laushi, wadda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya jingina da ita ko ya zauna a kai. Wannan abu Hausa tana da sunayensa: matashi, ko filo, ko kuma tum-tum idan irin babban nan ne na fata ko na ado da ake kishingiɗa a kai a ɗakin manya. Ke nan da na rubuta cewa tsohuwa ta jawo matashi ta tada kai, da na tsira da makina. Ita kuma kujerar da muke kira kushin, Bature "sofa" ko "couch" ko "armchair" yake ce mata. Kalma ɗaya ce a baki, amma abu biyu ne a ɗaki.

Asalin Kalmar

Idan aka tambayi ɗalibi asalin kushin a jarrabawa, zai rubuta "aro daga Ingilishi", kuma za a ba shi maki. Amsar daidai ce, sai dai zango na ƙarshe kawai ta faɗa. Ingilishi ma aro ya yi, kuma daga Faransanci ya aro.

Tafiyar ta faro ne daga harshen Latin, harshen Romawa. A Latin akwai kalmar "coxa", wadda ke nufin ƙugu ko katara. Yawancin masana tarihin kalmomi suna ganin daga gare ta ne mutanen da ke magana da Latin na kasuwa suka ƙirƙiri sunan abin da ake ɗora katara a kai idan an zauna. Wasu kuma suna danganta kalmar da "culcita", wato katifa a Latin. Ko wanne aka ɗauka, a tsohon Faransanci na ƙarni na 12 kalmar ta bayyana da siffar "coissin", wadda ta zama "coussin" a Faransancin yau. Ita ma kalmar Faransanci ta cinya, "cuisse", daga "coxa" ta fito, don haka cinya da matashin zama 'yan gida ɗaya ne a wannan harshe.

Yaya aka yi ta tsallaka teku zuwa Ingila? A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings, ya hau gadon sarautarta. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da kotu da gidajen masu hali, Ingilishi kuwa ya zama harshen talakawa da manoma. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gudanar da shari'a da Ingilishi. A tsawon wannan lokaci dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, musamman na mulki, da shari'a, da abinci, da sutura, da kayan jin daɗi na cikin gida. Dalilin a fili yake: wanda ya zo da abu shi ke zuwa da sunansa. Talakan Ingila a kan benci yake zama, kuma "bench" kalmarsa ce ta gado. Mai gidan da ke jin Faransanci shi ke da abin taushi da ake ɗorawa a kan bencin. Zuwa ƙarni na 14 kalmar ta zauna a rubutun Ingilishi, ana rubuta ta ta hanyoyi iri-iri kafin a tsaya a kan "cushion".

Ba Ingilishi kaɗai ya karɓe ta ba. Jamusawa suna cewa "Kissen", mutanen Holan suna cewa "kussen", Italiyawa suna cewa "cuscino", Sifaniyawa kuma "cojín". Duk dangin juna ne, kuma a duk waɗannan harsuna matashi suke nufi. Wannan shi ya sa abin da Hausa ta yi da kalmar ya cancanci a tsaya a duba shi.

Yadda Ta Iso Gare Mu

Ingilishi ya shigo ƙasar Hausa da ƙarfinsa ne bayan Turawan Ingila sun kafa mulkinsu a Arewacin Nijeriya a 1900, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A yankinmu na Filato kuwa, kuza ce ta jawo su. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin haƙar kuza suka fara kafa sansani, kuma zuwa 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru, ya yi ta jigila har aka rufe layin a 1957. Babban kamfanin nan Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wanda tsofaffinmu suka fi sani da ATMN, a Bukuru ya kafa cibiyarsa. Leburori suka zo daga Kano, da Zariya, da Bauci, da Barno, da ƙasar Tibi, da kudu, suka haɗu da mutanen ƙasa, kuma Hausa ce ta zama harshen da kowa ke ji a bakin rami da bariki da kasuwa. Saboda haka Bukuru na cikin garuruwan da Hausa da Ingilishi suka daɗe suna gogayya kullum, a bakin kuku da boyi da kafinta da direba.

Kakana na wajen uba ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen kuza. Ban riske shi ba, amma na riski wata kujera da ya bari, wadda har yanzu tana ɗakin mahaifina. Ƙashinta na katako ne zalla, da wurin ɗora hannu mai faɗi, da sanduna a baya. A kanta ake ɗora matasai biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya na zama, ɗaya na jingina, kuma ba a manne suke ba. Mahaifina ya ce a da audugar rimi ce a cikinsu, kuma duk Asabar akan fitar da su rana a kaɗe ƙura. Waɗannan matasai su ne Bature ke kira "cushion", kuma a daidai ma'anarsa ya kira su.

Daga nan sai a duba matakan da suka biyo. Don a bambanta wannan kujera da ta katako tsura, sai Turancin Nijeriya ya kira ta "cushion chair", sunan da har gobe ake ji a bakin mutane. Hausa ta ce "kujera mai kushin" ko "kujerar kushin". Da soson roba ya wadata, sai siffar kujerar ta sauya. Kamfanin Vitafoam, alal misali, an kafa shi a Nijeriya a 1962, daga baya kuma ya buɗe masana'anta a Jos. Kafintoci suka daina yin matasai daban, suka koma lulluɓe katakon gaba ɗaya da soso da yadi, har ya zama ba ka ganin itace sai ƙafafu. Tunda kujerar duka ta zama taushi, sai sunan ɓangaren ya mamaye dukkan jikin. Aka jefar da "kujerar", aka bar "kushin".

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa. "Waya" daga "wire" take, wato zaren ƙarfe. Da aka kawo tarho mai tafiya ta cikin zaren, sai aka kira na'urar waya, kuma ga shi yau muna kiran ta aljihu waya alhali ko zare ɗaya babu a jikinta. "Ƙarfe biyu" da muke faɗa na agogo, daga ƙarfen da ake bugawa ne don sanar da lokaci. "Leda" daga "leather" take, wato fata, amma a yau jakar roba ce ta zuba tumatir.

Yadda Hausa Ta Sarrafa Ta

Ta fuskar furuci, kalmar ba ta ba Bahaushe wahala ba, domin k da sh da n duk yana da su. Matsalar ɗaya ce: a gaɓa ta biyu ta kalmar Ingilishi akwai wani raunanan wasali da babu shi cikin wasulan Hausa biyar. Hausa ta maye gurbinsa da i, wanda ya saba zama bayan sh, kamar a "shiga" da "shinkafa". Haka kuma inda Ingilishi ke ƙarfafa gaɓar farko, Hausa ta ba ta karin sama, ta sauke ta biyu, kamar yadda ta yi wa "tebur" da "kicin".

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne n ɗin ƙarshe. Sunayen Hausa na asali da wasali suka fi ƙarewa, kuma -n a ƙarshen suna yawanci mahaɗi ne, kamar a "gidan sarki" ko "dokin Audu". Saboda haka akwai kalmomin aro da kunnen Bahaushe ya ɗauki n ɗinsu a matsayin wannan mahaɗi, ya cire shi: "canteen" ta zama "kanti", "engine" ta zama "inji", "station" ta zama "tasha". Da kushin ta bi wannan hanya, da "kushi" muke cewa. Amma ta riƙe n ɗinta, kamar "mashin" da "kicin". Sakamakon haka, idan za a danganta ta da wani abu sai an kawo "ɗin": kushin ɗin Hajiya, kushin ɗinmu, kushin ɗin nan. Ba a cewa "kushinmu" sai a Hausa irin tamu ta Bukuru, inda na sha jin haka, ni ma na sha faɗa.

Ta fuskar jinsi, kushin namiji ne idan ya tsaya shi kaɗai, kamar yawancin kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi: "kushin ɗin ya tsufa". Idan kuwa aka ce "kujerar kushin", sai jinsin kujera ya rinjaya: "kujerar kushin ɗin ta tsufa". Ga mu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, nan ne tarko yake. Wajen jam'i kuma, mutane sun fi kauce wa taɓa kalmar, su ce "kujerun kushin", ko su ƙirga da saiti.

Me Ya Sa Ma'anar Ta Sauya?

A ganina amsar tana cikin ɗakin Bahaushe kafin zuwan Bature. Yana da tabarma, da darduma, da buzu, da gado. Yana da matashi na tada kai. Yana da kujera, amma kujerar da ya sani ita ce 'yar guntuwar nan da masassaƙi ke fafewa daga itace guda, wadda mata ke zama a kai wajen girki, wadda ake kira kujera 'yar tsugunno. Da baƙuwar kalma ta iso da ma'anar matashi, ta tarar gurbin yana da mai shi. Gurbin da yake fili shi ne na sabuwar kujerar nan mai taushi wadda ba ta da suna. Nan kalmar ta samu masauki.

Mutanen gabashin Afirka sun fuskanci buƙata iri ɗaya, amma suka ɗauki wata kalmar. A Swahili ana kiran wannan kujera "kochi", daga "couch" ta Ingilishi, wadda ita ma daga Faransanci take, daga aikatau "coucher", wato kwanciya. Harsuna biyu na Afirka, Bature ɗaya, kujera ɗaya, amma kowa da abin da kunnensa ya kama.

Sai dai kushin bai ƙwace wa kujera komai na darajarta ba. Duk ma'anonin hikima suna nan a hannun tsohuwar kalma. Muna cewa kujerar mulki, da kujerar Makka, da kujerar na-ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko da ɗan majalisa a kan soso mai kauri yake zaune, ba wanda zai ce ya rasa kushin ɗinsa a zaɓe, sai dai in ba'a ake yi. Kujera ta riƙe sarauta, kushin ya tsaya a falo.

A Bakin Masu Sana'a

Da aka yi hutu na koma gida, na je rumfar wani dattijon kafinta, Bahaushe, wanda aka haifa a Bukuru, kuma ya yi wa rabin unguwarmu kujeru. Na same shi yana jan roba a kan ƙashin wata doguwar kujera.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yauwa, ɗan boko. An dawo? Yaya mahaifin naka?"

Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya nuna mini aikin dalla-dalla: a fara haɗa katako, a ja roba ko a kafa sifirin a wurin zama, a shimfiɗa buhu, a manna soso, sannan a ja yadi a buga. Ya ce cikakken saiti shi ne doguwa mai zaman mutum uku, wadda yaran shago ke kira tirisita, da mai zaman biyu, da ƙanana biyu masu zaman mutum ɗai-ɗai, wato mazaunin mutum bakwai. Ya ce a wurinsu kafinta daban, mai kushin daban, ko da yake mutum ɗaya kan iya haɗa biyun: kafinta nasa katako, mai kushin nasa soso da yadi da ɗinki.

Na tambaye shi lokacin da aikinsu ya fi tafiya. Ya ce lokacin bukukuwa, domin ba a yin jeren amarya babu kushin. Daga nan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce abin yana damunsa. Ya ga iyaye da yawa sun ci bashi ko sun sayar da abin da suka mallaka don kada 'yan ganin ɗaki su ce 'yarsu ta zo da kujerun roba. Ya ce akwai saitin da ya gama ya ajiye wata da watanni, uban yarinya yana kawo kuɗin kaɗan-kaɗan, ana ta ɗaga ranar biki. Wannan ya nuna mini cewa kalmar ta ɗauki wani nauyi da babu shi a ƙamus: a bakin mutane, kushin ma'auni ne na rufin asirin gida.

Da na gaya masa cewa kalmar daga Faransa ta taso, kuma asalinta katara take nufi, sai ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya ce, "Kai yaro, shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin Bafaranshe a rumfar nan ba. Kushin ai Hausa ce. In ba Hausa ba ce, faɗa mini sunansa da Hausa." Na buɗe baki na rufe, domin ba ni da amsa.

Ƙofofi Biyu Na Faransanci

An koya mana a aji cewa Hausar Nijeriya daga Ingilishi take aro, ta Nijar kuma daga Faransanci. Gaskiya ne. A Maraɗi da Damagaram za ka ji "lakwal" a maimakon makarantar boko, daga "l'école", inda aka haɗiye har da ƙaramar kalmar da ke gaban sunan, kamar yadda aka yi wa al- ta Larabci a "alƙalami" da "alƙali". Za ka ji "mushe" ga malamin makaranta, daga "monsieur", da "jandarma" ga jami'in tsaro. Wannan ita ce ƙofar gaba, inda Faransanci ya shigo da fuskarsa a buɗe.

Amma akwai ƙofar baya, wadda ba mu cika lura da ita ba, inda Faransanci ya shigo Nijeriya sanye da rigar Ingilishi. Mai karatu ya tsaya a tsakiyar ɗakinsa ya duba. "Falo" daga "parlour" take, ita kuma daga tsohon Faransanci, daga aikatau "parler", wato magana. Falo ɗakin hira ke nan tun asali. "Wadirob" daga "wardrobe" take, daga "warderobe" ta Faransancin Normandi, wato ma'ajiyar riguna. "Tebur" ta samo tushe daga "tabula" ta Latin, kuma siffar da take da ita a Ingilishi ta Faransanci ce. Ita kanta kalmar "furniture", wadda muke kira kayan ɗaki, daga "fourniture" ta Faransanci aka aro ta. Ba duka ba ne, domin benci da durowa daga kalmomin Ingilishi na gado suka fito, katifa kuma daga Larabci. Amma rabon Faransanci a ɗakin amaryar Kano ya fi yadda ake zato.

Wannan hanya ta bin kalma zango-zango ba sabuwa ba ce a nazarin Hausa. Tun 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa akwai kalmomin Larabci da suka biyo ta Kanuri kafin su iso Hausa. Misalin da aka fi bayarwa shi ne "kasuwa": "suƙ" a Larabci, "kasugu" a Kanuri, sannan "kasuwa" a bakinmu. Idan muna bin kalmomin Larabci har mu gano inda suka yada zango, ya kamata mu yi wa na Ingilishi haka.

Kammalawa

Abubuwa uku na koya daga wannan kalma, kuma ina ganin za su amfani duk mai nazarin harshe. Na farko, ga mai fassara: kamannin sauti ba shi ne daidaiton ma'ana ba. Kalmar aro da ta yi kama da ta Ingilishi ita ce ta fi saurin kayar da mutum, domin ba ya tsayawa ya tuhume ta. Kafin ka mayar da "cushion" kushin, ko "leather" leda, ko "wire" waya, tambayi kanka abin da mutumin kasuwa zai gani a zuciyarsa idan ya ji.

Na biyu, "aro daga Ingilishi" farkon bincike ne. A bayan kalma guda akwai yaƙin 1066, da ramukan kuza na Bukuru, da masana'antar soso, da bashin uban amarya.

Na uku ya shafi kalmar "aro" kanta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, domin mai shi zai zo ya karɓa. Amma wannan kalma da ta fara rayuwa da ma'anar katara ba mai zuwa karɓar ta. Hausa ta sauya mata furuci, ta ba ta jinsi, ta ba ta ma'anar da Bafaranshe da Bature ba su san ta da ita ba. Baba kafinta ya fi ni gaskiya. Ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, wannan ya kwantar mini da hankali, ko da yake bai hana ni ci gaba da gyara k da ƙ ba.

Kirana ga 'yan uwana ɗalibai shi ne, idan an yi hutu kowa ya ɗauki littafi da biro ya je rumfar kafinta, ko tela, ko makanike, ko maƙeri na garinsu, ya rubuta sunayen kayan aikinsu kamar yadda suke faɗa, ya tambayi tsofaffin cikinsu yadda ake kiran abin a da. Waɗanda suka ga zamanin audugar rimi suna ƙarewa, kuma abin da ke bakinsu ba duka ne ya shiga ƙamus ba. Wanda ya samo wata kalma mai tarihi irin wannan, ya rubuto wa wannan mujalla mu ƙaru da juna.